Kofin Shayi da Kujerar Colleyville

Shirinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, inda gwamnatin tarayya ke ware kuɗi kowace shekara domin masallatai da coci-coci da majami'un Yahudawa su tsare kansu. Amma kafin mu shiga lissafin daloli, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wani kofin shayi.

Ranar Asabar ce, 15 ga Janairun 2022, a wani ƙaramin gari mai suna Colleyville a jihar Texas. Gari ya waye da sanyi. Wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar majami'ar Yahudawa ta Beth Israel, limamin wurin, Charlie Cytron-Walker, ya leƙa ya ga alamar mutumin da sanyi ya kora yana neman mafaka. Sai ya buɗe masa. Bai tsaya nan ba, ya haɗa masa shayi da hannunsa, ya ɗan zauna suna hira don ya karanci ko wane irin baƙo ne. Bai ga abin zargi ba. Mu ma nan ai haka aka rene mu, baƙonka annabinka.

Aka tayar da ibada, ana watsa ta kai tsaye ta Facebook, domin yawancin jama'a suna gida saboda korona. Limamin ya juya baya yana addu'a, sai ya ji wata 'yar ƙara, ƙyas! Ashe bindiga ce. Baƙon nan da ya sha shayi, Malik Faisal Akram, ɗan Birtaniya daga garin Blackburn, ya yi garkuwa da mutum huɗu, yana neman a saki Aafia Siddiqui, 'yar Pakistan da ke ɗaure a wani gidan yari kusa da nan. Aka shafe kusan awa 11. Da yamma ya saki mutum ɗaya. Can cikin dare, da limamin ya ga ran mutumin ya ƙara ɓaci, ya tabbatar sauran biyun suna kusa da ƙofa, ya ce su ruga, shi kuma ya ɗauki kujera ya wurga wa ɗan bindigar. Kujera, masu sauraro, irin wadda ake zama a kai. Duka ukun suka fita da ransu, jami'an FBI suka shiga, aka kashe maharin.

To ina ruwan wannan labari da kuɗin gwamnati? Bayan 'yan makonni limamin ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka, ya shaida musu cewa majami'arsu ta ci moriyar wannan tallafi, da shi aka inganta kyamarorin tsaro na ginin, kyamarorin da suka taimaka wa jami'an tsaro a ranar. Ya kuma yaba horon da ya sha samu kan abin da mutum zai yi idan aka ritsa da shi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, akwai kyamara, akwai ƙofa a kulle, amma limamin da kansa ya buɗe ta, domin aikinsa ke nan.

Bari in gaggauta ba ku tarihin. An fara shirin tallafin a 2005 da dala miliyan 25, bayan ƙungiyoyin Yahudawa sun matsa wa majalisa lamba a shekarun da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba. Hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA ce ke riƙe da shi. A 2019 kuɗin ya kai miliyan 60, a 2020 miliyan 90, a 2021 miliyan 180, a 2022 miliyan 250, a 2023 kuma miliyan 305. Idan ka bi wannan hauhawa, sawun jini za ka gani a bayanta. An kashe mutum 9 a cocin baƙaƙen fata na Emanuel da ke Charleston a 2015, kuma shi ma wannan maharin sai da aka yi masa maraba, ya zauna cikinsu ana karatun Littafi Mai Tsarki. An jefa bam a masallacin Dar Al-Farooq na Minnesota a 2017. An kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh a 2018.

Me ake saya da kuɗin? Kyamarori, fitilu, shinge, ƙofofi masu ƙarfi, gilashin da ba ya tarwatsewa, turakun da ke tare mota, hayar masu gadi, da horar da jama'a. An yi shekaru da dama iyakar abin da wuri guda zai samu tana dala dubu 150.

Sai dai fa, a nan gizo ke saƙar. Ba a miƙa maka kuɗin a hannu. Da farko sai an zo an binciki gininka an rubuta inda yake da rauni. Sannan ka cika takardu kana bayyana dalilin da ya sa kake ganin za a iya kawo maka hari, ka tura ta hannun ofishin jiharka, jiha ta tantance ta aika wa tarayya. Idan ka dace, yawanci kai ne za ka fara kashe kuɗinka, ka kai rasit, a biya ka daga baya. Ku sake saurara: ka fara kashe naka, a biya ka daga baya. Babbar majami'a mai ofis da akanta ba ta da damuwa. Amma ɗan masallacin direbobin tasi da ke haya a tsohon kanti, wanda kuɗin wuta ma sai an zagaya da asusu ranar Juma'a, ina zai samo dala dubu ɗari ya ajiye yana jiran gwamnati? Ga kuma wasu Musulmin da ke ɗari-ɗari da miƙa bayanan masallacinsu ga ma'aikatar tsaron cikin gida, bayan shekarun da aka yi ana sa musu ido. A 2023 abin da aka nema ya haura dala miliyan 600, wato ninki biyu na abin da ke ƙasa. Fiye da rabin masu nema suka tashi hannu rabbana.

Wanda ya zauna a Kano bayan harin babban masallacin Juma'a na Nuwamban 2014 ya san yadda abin yake, 'yan agaji a bakin ƙofa da na'urar laluben jiki, a ce ka ajiye jaka can nesa. Bambancin kawai, a nan jama'a ne ke haɗa kuɗin da kansu.

Na so in kai ku Birtaniya, inda gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 117 a 2024 don tsaron masallatai da makarantun Musulmi na shekara huɗu, da kuma garin Halle na Jamus, inda ƙofar katako ta hana wani ɗan bindiga shiga majami'ar Yahudawa a 2019. Amma ga mai kula da na'urori can yana nuna mini agogo. Mu bar shi sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.