MA'AUNIN ISKAR INJIN MOTA: AIKINSA DA YADDA MAI MOTA ZAI CANZA SHI A GIDA



Gabatarwa

Dattawan da ke cikinmu ba za su manta da Peugeot 504 ba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Motocin wancan zamani kafireta ce ke gauraya musu mai da iska, idan kuwa ta ɓaci, bakanike zai kasa kunne ya saurari inji, ya murɗa wata ƙusa da sukundireba, sai ka ji ta daidaita. Motocin da ma'aikata ke hawa yanzu, sababbi ne ko 'yan Beljiyam, ba su da kafireta. Wata 'yar kwamfuta ce ke raba musu mai, ita kuwa ba ta gani ba ta ji, sai abin da waɗansu ƙananan na'urori suka shaida mata. Ɗaya daga cikin waɗannan shaidu shi ne abin da kanikawa ke ce wa eyafulo, wanda a wannan lacca za mu kira shi ma'aunin iska.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023, kowane mai albashi ya san zafin lita guda. Saboda haka na'urar da lalacewarta ke sa mota shan mai fiye da ƙima ta cancanci a zauna a fahimce ta. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa canza ma'aunin iska aiki ne mai sauƙi, wanda mutum zai iya yi a ƙofar gidansa cikin rabin sa'a. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke da wuya shi ne tabbatar da cewa laifin nasa ne, da kuma gano abin da ya lalata shi tun farko.

Dalilin auna iska

Wuta ba ta ci sai da iska, inji kuwa ba kome ba ne illa wuta da aka tsare a cikin silinda. Masana sun ƙididdige cewa kafin giram 1 na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya sami kimanin giram 14.7 na iska. Lita guda ta fetur nauyinta ya kai wajen giram 740, watau ke nan tana bukatar iska kusan kilo 11, wanda in aka auna da faɗi zai kai lita 9,000. Idan mai ya yi yawa, sauran da bai ƙone ba zai fita ta salansa baƙi ƙirin, ya kuma rufe fulogi da kunkunniya. Idan kuwa iska ce ta yi yawa, sai inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa tari, ya ɗauki zafi.

Sai dai a lura, nauyin iskar ake bukata, ba faɗinta ba, domin iska ba ta zama da kauri ɗaya. Iskar zafin rana a watan Afrilu ta fi ta asubar hunturu sakayau. Haka kuma Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iskarta ta gaza ta Legas kauri da abin da ya kai kashi 10 cikin 100. Kafireta ba ta san wannan bambanci ba, yadda aka saita ta haka za ta yi ta zuba mai. Ma'aunin iska kuwa an yi shi ne musamman don ya riƙa sanar da kwamfuta nauyin iskar da ta shiga a kowane lokaci, ita kuma ta umarci nozul su fesa mai daidai gwargwado.

Yadda yake aiki

Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin fesa mai na L-Jetronic a cikin shekarun 1970, wanda ke auna iska da wani ɗan ƙyaure: gwargwadon yadda iska ta tura shi, gwargwadon abin da zai faɗa. A farkon shekarun 1980 sai aka zo da LH-Jetronic, wanda ya musanya ƙyauren da zazzafar waya, kuma wannan dabara ce ta mamaye motoci har yau. Tushenta kuwa ya girmi motocin, domin tun 1914 wani masani ɗan Kanada, L. V. King, ya bayyana lissafin yadda iska mai wucewa ke sanyaya siririyar waya.

Kowa a nan ya taɓa hura koko mai zafi, ya kuma san cewa in ya ƙara ƙarfin hurawa kokon zai fi saurin hucewa. To, hikimar ke nan. A cikin ma'aunin akwai 'yar waya ta farin ƙarfen filatinam, siririya kamar gashin kai, ko kuwa wani ɗan falle mai irin wannan aiki. Lantarki na ɗumama ta, iskar da inji ke zuƙa tana sanyaya ta, shi kuma ma'aunin yana ƙara lantarki don kada zafinta ya sauka. Yawan lantarkin da aka ƙara shi ne ke nuna nauyin iskar da ta wuce. Daga nan za mu gane raunin wannan na'ura: duk abin da ya lulluɓe wayar, ko ƙura ko maiƙo, ya zama mata bargo. Iska za ta wuce da yawa amma wayar ba za ta ji sanyinta sosai ba, sai ma'aunin ya ba da shaidar zur, kwamfuta kuwa ta yi hukunci a kanta.

Mu kuwa a wannan yanki ƙura ba baƙuwa ba ce. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai yawa daga cikinsa iska ce ke kwaso shi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya. Abin da ke tsakanin wannan ƙura da wayar da muke magana shi ne matatar iska ta takarda kaɗai.

Bincike kafin hukunci

Alamomin lalacewar ma'auni sanannu ne. Mota za ta riƙa rawa ko mutuwa a silo, in an taka totur ta yi jinkiri ko ta shaƙe kafin ta ɗauka, ta riƙa shan mai, wani lokaci da baƙin hayaƙi, sa'an nan fitilar gargaɗi mai hoton inji ta kama. Amma waɗannan alamomi ba nasa ba ne shi kaɗai. Mataccen fulogi, da famfon mai da ya yi rauni, da nozul da suka toshe, duk suna kawo irinsu. Wanda ya ruga kasuwa saboda alama kawai, sau da yawa yakan bar jaki ya daki taiki.

Mataki na farko shi ne a tambayi motar da kanta. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin bincike mai suna OBD-II, Turai kuma ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Akwai wata kafa mai baki 16, yawanci ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona 'yar na'urar karatu, har akwai ƙananan da ke aika bayani cikin wayar hannu. Lambobin P0100 zuwa P0104 suna nuni ga ma'aunin iska ko wayoyinsa. P0171 tana cewa mai ya yi kaɗan, P0172 kuwa ya yi yawa. Sai dai lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida ba.

Saboda haka mataki na biyu shi ne a buɗe bonet a duba da ido. A ciro matatar iska a ɗaga ta sama: ta toshe, ko ta yage, ko ba ta zauna daidai a akwatinta ba? Sa'an nan a bi baƙin tiyon roba da ya taso daga ma'aunin zuwa inji, a lanƙwasa shi a duba cikin lungunansa, domin zafi yakan tsattsaga shi. Duk iskar da ta shiga ta wannan tsaga ta shiga ne ta bayan gida, ma'auni bai ƙidaya ta ba, kuma ko sabo aka sa ba zai ƙidaya ta ba. A duba soket ɗin ma, ko ya saki ko ya yi tsatsa.

Mataki na uku, a kashe mota, a zare soket ɗin ma'aunin, a sake tayarwa. Motoci da yawa in sun rasa shaidarsa sukan koma ga wani ƙiyasi da aka ajiye musu. Idan mota ta fi lafiya da ƙiyasi a kan shaidarsa, zargi ya yi ƙarfi. Wannan gwaji ne na ɗan lokaci, ba a yawo da mota a haka.

Mataki na huɗu shi ne wanki, domin da yawa daga cikin waɗanda ake jefarwa datti ne kawai ya dame su. Akwai maganin fesawa da aka yi don wannan aiki musamman. A fesa daga ɗan nesa, a bar shi ya bushe sarai kamar minti 20. Kada a yi amfani da fetur, ko maganin wanke kafireta, ko iskar mai faci, kada kuma a taɓa wayar da tsinke ko auduga, don kada garin neman gira a rasa ido. Idan an yi duk wannan cutar ba ta tafi ba, to, canji ya wajaba.

Yadda ake canzawa

Da farko a tabbata motar tana da shi, domin waɗansu injuna matsin iska suke aunawa a wani wuri dabam. Inda yake, za a same shi tsakanin akwatin matatar iska da tiyon da ya nufi inji, da soket mai wayoyi yawanci 3 zuwa 5. A kwafi lambar da ke jikinsa a sayo mai irinta daidai, domin biyu sukan yi kama a ido alhali lissafinsu ya bambanta. A guji jabu, araha ba ta ado. Kayan aiki su ne sukundireba, da sifana mai lamba 10, da ƙyalle mai tsabta. Waɗansu motocin ƙusoshinsu masu kan tauraro ne, sai an nemi mabuɗinsu.

Na ɗaya, a kashe mota, a zare makulli, a bar inji ya huce. A zaɓi wuri da lokacin da ba ƙura.

Na biyu, a kwance kan batir mai alamar ragi, a kawar da shi gefe. A sani agogo da tashoshin rediyo za su goge, waɗansu rediyoyin ma sai an sake ba su lambar sirri.

Na uku, a danna ɗan harshen soket a zare shi a hankali. A kama jikin soket ɗin, kada a ja wayoyi, kada kuma a yi ƙarfi, domin robar da ta sha zafin inji shekara da shekaru ba ta da wuyar karyewa.

Na huɗu, a kwance ma'aunin. A irin su Corolla da Camry ƙusoshi biyu ne ke riƙe da shi, ana kwance su sai a zaro shi sama. A waɗansu kuwa haɗe yake da bututunsa, sai an sassauta ɗaurin ƙarfen da ke bakin tiyo. A rufe ramin da ƙyalle, kada wani abu ya faɗa.

Na biyar, a jera tsoho da sabo a gwada lamba da siffar soket. A duba zoben robar da ke hana iska zurara ya zauna daidai. In akwai kibiya a jiki, bakinta ya fuskanci inji, domin ita ce hanyar iska.

Na shida, a cire ƙyallen, a zaunar da sabon, a ɗaure ƙusoshi daidai wa daida, kasancewar cikin roba suke shiga. A maida soket har a ji ya yi ƙas. A sa sabuwar matatar iska a lokaci guda, sa'an nan a maida kan batir.

Na bakwai, a tada mota a bar ta a silo kamar minti 10, ba fitila ba na'urar sanyaya ɗaki. Kada a firgita in ta ɗan yi rawa da fari, domin kwamfuta ta daɗe tana gyara ƙaryar tsohon ma'auni, sai ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta saba da gaskiyar sabon. A goge tsohuwar lamba da na'urar karatu, a fita a zaga. Idan fitilar gargaɗi ta dawo bayan kwana ɗaya ko biyu, to, cutar tana wani wuri, lokaci ya yi da za a nemi ƙwararre.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa ma'aunin iska ba kasafai yake mutuwa don kansa ba, abin da ya wuce ta kansa ne ke kashe shi. Al'adar nan ta bugun matatar iska a jikin taya, ko hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta huje, ko cire ta ɗungum wai don mota ta ƙara gudu, ita ce ke buɗe wa ƙura ƙofa. Wanda ya sa sabon ma'auni bayan yagaggiyar matata, ya shirya sake saye kafin hunturu mai zuwa. Matata kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da na ma'auni, balle na man da ake ƙonawa a banza kullum.

Ba ina kira ne a raina kanikawa ba, domin akwai gyaran da ya fi ƙarfin ƙofar gida. Abin da nake kira gare shi shi ne mai mota ya san abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinsa, yadda in an ce masa eyafulo ya mutu zai iya tambaya: wace lamba na'ura ta nuna, an duba tiyo, an gwada wanki? Wanda ya iya waɗannan tambayoyi uku ya tsare albashinsa, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.