ME KE CIKIN KWANON ƊAN MAKARANTA?

Uwargida, abincin da kike zuba wa yaro ya tafi da shi makaranta, da wanda kike ci ke mai juna biyu, sinadarai iri ɗaya ne ke aiki a cikinsu. Manyansu uku ne: sitaci, furotin da mai.

Sitaci shi ne ya cika masara, gero, dawa, shinkafa da doya. Ƙwayoyin sukari ne a jere kamar carbi. Tun a baki yawu ke fara tsinka wannan carbi, shi ya sa in aka daɗe ana tauna burodi sai a ji ya soma zaƙi. Hanji ke ƙarasa aikin, sukarin ya shiga jini, da shi ne ƙwaƙwalwa ke aiki. Shinkafa da wake na sakin nasu sukarin sannu a hankali. Na alawa da lemon kwalba kuwa da ma a tsinke yake, nan da nan zai shige, kafin a fita tara yunwa ta dawo.

Furotin shi ke gina tsoka da jini, da jikin jaririn da ke ciki. An haɗa shi ne daga ƙananan tubala iri 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya yin su, sai an ci a abinci. Ƙwai, nono, kifi da nama suna da dukkansu yadda ya kamata, amma kowa ya shiga kasuwar Kawo ko ta Sheikh Abubakar Gumi ya san tsadarsu. To, ga sauƙi: tubalin da ya yi ƙaranci a masara da gero yana da yawa a wake, wanda wake ya gaza a kai kuma hatsi na da shi. Ashe koko da ƙosai da iyayenmu suka saba ba mu ba ƙaramin haɗi ba ne. Haka ɗanwake, alale da burodi, ko awara. Biskit kaɗai ba zai yi wannan aiki ba, kome kyan ledarsa.

Mai ya fi su ƙarfi: giram ɗaya na ba da kalori 9, sitaci da furotin kuwa 4 kowanne. Kaɗan ya isa, amma kada a rasa shi, domin bitamin A mai kare ido sai da mai hanji ke tsotse shi. Manja na da shi, haka karas da zogale. In za ki sayi man girki na kamfani, duba alamar ido a jikin robar, ita ke nuna an ƙara masa bitamin A.

Saura sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini ga mai ciki, da kasala ga yaro a aji. Ana samun sa a nama, wake da alayyafo. Lemon zaƙi ko gwaiba na taimaka wa hanji ya ɗauke shi, ganyen shayi kuwa tauye shi yake yi. Saboda haka kada ki haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shayi, bari sai bayan awa ɗaya ko biyu. Idan kina yawan jin jiri, ko kika ga cikin idon yaro ya yi fari, ki gaya wa ma'aikatan ɗakin awo a nan Barau Dikko don a gwada jini.