Damagaram da likitocin mishan na mako biyu

A shekarar 1924 ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe tasharta ta farko a ƙasar Nijar, kuma Damagaram, wato Zinder, ta zaɓa, inda a lokacin fadar mulkin Faransa take. Shekara biyu bayan haka aka mayar da fadar Yamai. Turawan mishan na wancan zamani da niyyar zama suke zuwa. Su shiga jirgin ruwa, su yi makonni a hanya, su koyi Hausa har su iya wa'azi da ita, da yawansu su tsufa a nan. Yau akasarin masu zuwa da sunan aikin jinya na mishan hutun aikinsu suke ɗauka, mako biyu ko wata guda, su yi abin da za su yi su koma. Wannan sauyi ya shafi marasa lafiyarmu, ya shafi ma'aikatan jinyarmu, ya kuma shafi Kiristocin da ke zaune tare da mu.

Aikin lafiya na SIM bai yi ƙarfi a Damagaram ba, yamma ya karkata. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sai cibiyar masu cutar kuturta ta Danja kusa da Maraɗi a 1956, wadda aka ƙara mata sashen gyaran yoyon fitsari a 2012. Don haka Badamagare ya daɗe da sanin asibitin mishan a matsayin wurin da ake niƙa gari a tafi: kimanin kilomita 400 zuwa Galmi, ko a tsallaka iyaka zuwa asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda yake aiki tun 1943. Abin da ke kai mutane can shi ne sun san ƙofar a buɗe take bana, a buɗe take baɗi.

Dalilan yawaitar masu gajeren zuwa sun fi yawa a can inda suke fitowa. Jirgin sama ya mayar da tafiyar wata guda ta koma ta kwana ɗaya. Likita a Amurka yakan gama karatu da bashi mai nauyi a wuyansa, ga iyali, ga asibitin da ba zai sake shi shekara goma ba, amma zai ba shi mako biyu. Coci-coci kuma sun daina dogara ga manyan ƙungiyoyi kaɗai, kowace tana haɗa ayarinta. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa Amurkawa kusan miliyan 1.6 ke fita irin wannan gajeriyar tafiya ta mishan a shekara. Wani bincike na 2008 ya ƙiyasta tafiye-tafiyen jinya kaɗai daga Amurka da kusan 6,000 a shekara, da kuɗin da ya kai dala miliyan 250. Ban ga dalilin musanta ikhlasin yawancinsu ba. Mutum ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya bar sanyin gidansa ya zo ya tsaya a ɗakin tiyata cikin zafin watan Afrilu, addininsa ne ya motsa shi, kuma Musulmi ya san darajar aikin da aka yi don Allah.

A nan gida dalilin ɗaya ne, buƙata. Jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, mutum sama da miliyan 3 da rabi a ƙidayar 2012, kuma sun ƙaru ƙwarai tun lokacin. A faɗin ƙasa likita ɗaya na fuskantar mutane sama da 20,000, ƙwararru kuwa sun taru a Yamai. Gwamnati ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin ɗakunan magani wayam. Kowace damina, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa su cika sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun yunwar 2005. Wanda ke cikin wannan hali, duk likitan da ya sauka a ƙofarsa alheri ne.

Alherin kuma na gaske ne a wasu cututtuka. Yanar ido, ƙaba, tsagaggen leɓe: ayyuka ne da ake gamawa da fiɗa guda. Tsohon da jikarsa ke jan sandarsa shekara uku, a cire masa yana cikin rabin awa, kashegari ya ga hanyar masallaci da idonsa, jikar kuma ta koma makaranta. Babu mai hankalin da zai raina wannan. Haka kuma asibiti irin na Galmi yana buƙatar wanda zai riƙe ɗakin tiyata idan likitan da ke zaune ya tafi hutu. A nan baƙon ya shiga gidan da ke da tsari, akwai mai duba aikinsa, akwai takardun marar lafiya, akwai wanda zai cire zare bayan ya tafi.

Matsala tana farawa ne inda babu gidan. Ayari ya sauka a ƙauye da kwalayen magani, a yi layi tun asuba, a duba ɗaruruwa kafin la'asar ta bakin tafinta. A cikin layin akwai mai hawan jini, mai ciwon suga, mai farfaɗiya, yaro mai sikila. A ba kowa ƙwayar wata guda. Waɗannan cututtuka ne na tsawon rai, kuma mai farfaɗiya da aka fara wa magani sannan ya yanke yana iya shiga haɗarin da ya fi na da. Sau da yawa sunan maganin da aka bayar babu shi a famasin Zinder, rubutun kwalin kuma Ingilishi ne a ƙasar da ma'aikatanta suka yi karatu da Faransanci. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Bayan mako uku, majon ɗakin shan magani na ƙauyen ne za a kawo wa matar da ɗinkinta ya ruɓe, ba shi da takardar da ta nuna abin da aka yi mata, kuma jama'a sun riga sun yanke cewa maganin Nasara ya fi nasa. Wannan zubewar ƙima ta ma'aikacin gida ita ce asarar da ba a lissafawa, alhali shi ne za a tasa cikin dare duk shekara.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wato wanda bai ƙware ba ya yi a nan abin da doka ba za ta bar shi ya yi a ƙasarsa ba. A Jinja ta Yuganda, wata Ba'amurkiya mai suna Renee Bach, wadda ba ta yi karatun likita ba, ta buɗe cibiyar yara masu tamowa da sunan mishan. Yara 105 suka mutu a cibiyar tsakanin 2010 da 2015, aka yi ƙararta, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Abin ya faru nesa da mu, amma ƙofar da ya bi a buɗe take a duk inda farar fata da farar riga suka isa shaida.

Damagaram tana da misalin yadda gajeren zuwa ke yin amfani, ko da yake ba na mishan ba ne. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan tana da cibiya a Zinder tun 1992 don yaran da ciwon iska, wanda likitoci ke kira noma, ya cinye musu fuska. Likitocin fiɗa baƙi kan zo na ɗan lokaci, amma ma'aikatan cibiyar 'yan ƙasa su ne ke nemo yaron, su ciyar da shi har ya iya ɗaukar tiyata, su bi shi ƙauyensu shekaru bayan haka. Kwanakin baƙon kaɗan ne a cikin aikin shekaru, shi ya sa suke da albarka.

Batun addini ba a kauce masa. Ƙungiyoyin mishan ba su ɓoye cewa wa'azi na cikin manufarsu ba, kuma asibitocinsu suna karɓar kowa. Musulmi da yawa sun yi jinya a Galmi sun dawo da imaninsu da kuma godiya. Duk da haka marar lafiya a kan gado ba ya cikin halin cewa a'a, kuma mai gaskiya a cikin masu wa'azi ya kamata ya ji nauyin hakan. Wanda ya zauna shekara ashirin ya san inda iyakar take, ya san liman, ya je fada ya yi gaisuwa. Ɗan mako biyu yana iya yin kuskuren da ba zai ma ji labarinsa ba. Masu ɗaukar sakamakon su ne Kiristocin gari, 'yan tsiraru, waɗanda ake haɗa su da duk abin da Turawa suka yi. Ranar 16 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙona coci-coci a Zinder, aka rasa rayuka, iyalai suka fake a barikin soja. Ba su zana komai ba, maƙwabtanmu ne, kuma abin da aka yi musu zalunci ne. Ya kamata kuma a faɗi cewa ƙungiyoyin Musulmi daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya suna yin irin wannan zuwa na 'yan kwanaki, musamman aikin ido, don haka tambayar wa zai duba marar lafiya bayan an tafi ta hau kansu su ma.

Yanzu rashin tsaro yana rage masu zuwa. An sace ɗan mishan Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai kuɓuta ba sai 2023. An sace Fada Pier Luigi Maccalli a 2018. An kashe ma'aikatan agaji a Kure a 2020. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hukumomi sun ƙara tsananta wa ƙungiyoyin waje, har an sallami wasu. Aikin da aka gina kan ayarin da ke zuwa kowace rani shi ne ya fara tsayawa. Wanda ya dage shi ne wanda ya horar da 'yan ƙasa, kamar shirin koyar da likitocin fiɗa 'yan Afirka da ake yi a Galmi.

A ganina nan ne ya kamata Damagaram ta sa sharaɗinta. Garin yana da babban asibitin ƙasa, da makarantar ma'aikatan lafiya, da sashen koyon likitanci a Jami'ar André Salifou. Ƙwararren da ke da mako biyu, in ya kashe su yana fiɗa kafaɗa da kafaɗa da matasan likitocinmu, hannun da ya koyar zai yi aiki shekara talatin. Hukumar lafiya ta jiha tana da ikon neman takardun shaidar kowane baƙo kafin ya taɓa marar lafiya, ta hana raba maganin da babu shi a ƙasar, ta kuma tilasta a bar wa asibitin yankin takardar kowane mutum da aka yi wa aiki, da Faransanci, da sunan ma'aikacin da zai duba shi bayan mako biyu da bayan wata uku. Kuɗin wannan bibiya kuma a sa shi cikin kasafin tafiyar tun daga can, kamar yadda ake sa kuɗin jirgi.