Abin da ka zuba wa kaza da kifi, shi ke kaiwa ƙwaƙwalwar mai saye

Yawancinmu in za mu haɗa abincin kaji ko na tarwada, lissafinmu bai wuce furotin da kuɗin buhu ba. Amma akwai wani abu da ba mu cika dubawa ba, wato irin man da ke cikin abincin.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam mai ya fi yawa a cikinta in aka cire ruwa. Daga cikin man da take buƙata akwai omega-3, musamman nau'i biyu da ake kira DHA da EPA. DHA na shiga ginin bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, inda saƙonni ke wucewa, shi kuwa EPA yana taimakawa wajen rage kumburin cikin jiki. Jikinmu kaɗan yake iya sarrafawa da kansa, don haka sai dai daga abinci.

A 1998 wani likita ɗan Amurka, Joseph Hibbeln, ya kwatanta ƙasashe, ya ga inda ake yawan cin kifi, kamar Japan, ciwon damuwa bai kai na inda ba a ci sosai ba. Sai dai a 2021 wani babban gwaji a Amurka, kan mutum sama da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama, ya nuna shan ƙwayar man kifi kullum bai hana su kamuwa da ciwon ba. Wasu gwaje-gwajen kuma sun ga ɗan sauƙi ga masu ciwon, in EPA ya fi yawa. Kenan abinci ne mai taimako, ba magani ba.

To mu ina ruwanmu? Titus da sadin suna samun nasu omega-3 ne daga ƙananan tsirrai na teku, dangin gansakuka. Tarwadar kandaminka ba ta da teku, abin da ka watsa mata shi take tarawa. In masara ce da dusa da ƙulin gyada kawai, omega-6 zai yi yawa a namanta, omega-3 ya yi ƙasa. Haka gwaiduwar ƙwai take, tana bin abincin kaza cikin 'yan makonni.

Ga abin yi. Kada ka cire garin kifi gaba ɗaya don tsada. A makonnin ƙarshe kafin ka kwashe tarwada, ba ta abinci mai man kifi. Waken suya yana da ɗan omega-3, gyada kuwa kusan babu. Kaji a ba su ɗanyen ganye, amma a yi hattara da man kifi, in ya yi yawa ƙwai zai yi ƙarni, mai saye ya gudu. Sannan wannan man saurin lalacewa gare shi a zafi, a ajiye buhu a inuwa, kada a tara na watanni.

Kuma don Allah kada wani ya tallata ƙwansa da sunan maganin damuwa. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci har mako biyu, asibiti ya kamata ya je. Namu shi ne mu kai wa jama'a ƙwai da kifi masu inganci. Allah ya sa albarka a kiwonmu.