Wasiƙa daga wani lakkol: dabarar mushe Freinet da abokinsa

Kowace safiya a gidan rediyo muna buɗe saƙonnin masu saurare. Da yawa ƴan kasuwa ne suka sa ɗiyansu suka rubuta musu: sanarwar biki, cigiyar kaya, gaisuwa. Wani sai mun karanta shi sau uku kafin mu gane ko akuya ce ta ɓata ko mai akuyar. Kuma sau tari mai rubutun ɗan lise ne. Wata mai saida atamfa ta yi mana kuka cewa duk shekara tana sayen kaye da bik, amma ranar da ta so a rubuta wa wanda take bi bashi takarda, sai da ta biya wani a bakin gidan waya.

Wannan ne ya tuna mana da labarin wasu malamai biyu na ƙasar Faransa.

Célestin Freinet ya samu rauni a huhu a yaƙin duniya na farko, cikin 1917. Da aka ba shi aji a ƙauyen Bar-sur-Loup a 1920, ba ya iya daɗewa yana magana. Dole ta sa ya bar yara su yi aikin. A 1924 ya kawo ƙaramin injin buga takardu cikin aji: yaro ya rubuta abin da ya gani a gida ko a gona, a gyara a kan allo, a buga. To, wa zai karanta? Sai ya ƙulla zumunci da wani mushe mai suna René Daniel, a Trégunc, bakin teku, nisan sama da kilomita 1000. Ɗiyan masunta ne a can, a gida ma ba Faransanci akasarinsu ke ji ba, yarensu na Breton ne. Ajin nan biyu suka riƙa aika wa juna rubutu, har da ƙunshin abincin garinsu. A 1927 aka fara fitar da La Gerbe, mujallar da ke tara rubutun yara daga makarantu dabam-dabam. A firamare aka soma, daga baya malaman kwaleji da lise suka ɗauka, abin ya kai har Senegal.

Sirrin ba a injin yake ba. Ɗan kasuwa ya san wanda ke jiran mai saye ya fi gyara kayansa. Yaron da ke rubuta wa mushe don maki, in ya samu 10 cikin 20 ya gama. Wanda ya san tsaransa na wani gari zai karanta, ya yi dariya ko ya ce bai gane ba, shi zai sake rubutawa ba a sa shi ba. Su ma malaman suna ƙaruwa, don kowa yana ganin yadda ɗan'uwansa ke gyara kuskure.

A nan gida ba mu ga abin da zai hana ba. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kilomita wajen 240 ne, motoci na tashi kullum. Malamai biyu su shirya tun buɗe lakkol, kowane yaro a ba shi abokin rubutu. Na Maraɗi su ba da labarin yadda kaya ke shigowa ta Ɗan Isa, na Damagaram su kwatanta kasuwar Dole ranar Alhamis, na Tawa su faɗi wahalar albasar Galmi daga gona zuwa buhu. Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, a yi wasiƙa ɗaya da Faransanci, ɗaya da Hausa.

Ba mu ce da sauƙi ba. Aji cike yake, mushe na tseren gama darussan jarrabawar BEPC da BAC, ɗan kwantaragi kuwa hankalinsa na kan albashi. Gyaran wasiƙun aji guda dare ne sukutum. Wasu kuma za su ce ai yanzu murya ake aikawa ta WhatsApp. Gaskiya ne, mu ma muna yi. Amma banki da duwan da kotu takarda suke karɓa.

Kuɗin abin bai wuce na takarda da ambulan da ladan direba ba. A taron ƙungiyar iyayen yara na gaba, ana iya tambayar darakta ko akwai mushen Faransanci da zai yarda ya fara da aji ɗaya.