Taici da cigong: motsa jiki ne, ba maganin bindiga ba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo lokacin da finafinan Caina ke tashe ya san tsohon nan mai farin gemu da ke karkaɗa hannu sannu a hankali, ƙarti goma su afka masa, ya watsar da su ko gumi bai yi ba. To, tsohon ya baro fim ya shigo waya. Yau matashi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, in dai yana da babbar waya da 'yar datarsa, zai iya cin karo da bidiyon mutane cikin fararen kaya suna lilo da hannuwa a filin shaƙatawa, a ƙasa an rubuta Tai Chi ko Qigong, wani lokaci har da alkawarin cewa abin yana warkar da suga da hawan jini da ciwon daji. Akwai alheri na gaske a wannan motsa jiki, musamman ga iyayenmu. Akwai kuma ƙarya mai yawa da aka jingina masa, kuma a yanki irin namu wata ƙaryar tana iya cin rai.

Taici asalinsa dabarar faɗa ce. An fi danganta shi da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan na ƙasar Sin, inda wani tsohon soja, Chen Wangting, ya tsara shi a ƙarni na 17. Daga baya Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, ya kai shi Beijing, kuma salon gidansu ne ya fi bazuwa a duniya. A 1956 gwamnatin Sin ta sa aka taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya koya, a Disambar 2020 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Cigong ya fi shi sauƙi: tsayuwa ce da miƙa da daidaita numfashi, ba naushi ba shuri. Wanda aka fi sani a cikinsa shi ne baduanjin, motsi 8 kacal, wanda aka riƙa koya wa masu korona a asibitocin wucin gadi na Wuhan a 2020.

Inda likitoci suka fi gamsuwa da shi shi ne wajen hana tsofaffi faɗuwa. Mu nan ba mu ɗauki faɗuwar tsoho a bakin komai ba sai ta faru, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a jihar Oregon ta Amurka a kan mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda suka yi taici na awa ɗaya, sau biyu a mako, tsawon wata shida, faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda suka tsaya ga miƙe jijiyoyi kawai. A 2016 kuma likitocin Jami'ar Tufts da ke Boston sun gwada shi a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa irin na tsufa, suka ga sauƙin da ya kawo bai gaza wanda ake samu a sashen gashin ƙashi ba.

Mai karatu ya kawo wannan gida. Baba ya tashi alwalar asuba cikin duhu, ya ɗauki buta, ya taka santsin makewayi, ƙafa ta zame. Ƙashin kwankwaso ya karye. A da sai a nemi mota a nufi Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina nan take. Yanzu wa zai hau hanya kafin gari ya waye? Sai a jira rana ta fito, sau da yawa kuma a ƙare wajen mai ɗori, tsoho ya kwanta wata da watanni, wani ma kwanciyar ke nan. Ga shi kuma rashin tsaro ya zaunar da mutanen da a da ƙafarsu ba ta hutawa. Manomin da ya saba takawa gona mai nisa kullum ya dawo zaman inuwa, dattijuwar da aka taso daga ƙauye tana rakuɓe a ɗakin 'yan uwa a cikin gari, ba surfe ba ɗiban ruwa. Jikin da ya daina aiki da wuri yake lalacewa. Motsa jikin da ba ya buƙatar fili ko takalmi ko kobo, wanda ake yi a tsakar gida ko a zaure, ai abin a duba ne.

Yadda ake yin sa ba wani asiri ba ne. Ga motsin farko na baduanjin. Ka tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan sake. Ka saƙa yatsun hannu biyu a gaban cibiya, ka ɗago su a hankali kana shaƙar iska ta hanci. In sun kai ƙirji sai ka juya tafin hannu ya kalli sama, ka tura har bisa kai. Sannan ka raba hannuwan, ka sauko da su ta gefe kana fitar da numfashi. Ka maimaita sau shida, ba gaggawa. Shi kuma takun taici, wanda shi ne sirrin hana faɗuwa, ga shi: nauyinka duka a kan ƙafa ɗaya, ka miƙa ɗayar ka aje diddige tukuna ba tare da ka dogara da ita ba, sai ka tabbatar ƙasa ta karɓe ka sannan ka zuba mata nauyi kaɗan-kaɗan. Tsohon da ƙafarsa ta saba da haka, ko ya taka santsi yana da sauran ƙafar da zai koma kanta. Mai farawa ya tsaya kusa da bango ko ya dafa kujera, kuma kada gwiwa ta karkace ciki, ta riƙa bin inda yatsun ƙafa suka nufa. Mafi yawan masu kukan cewa taici ya ɓata musu gwiwa, durƙuso suka cika yi don kwaikwayon matasan bidiyo.

Batun hawan jini yana buƙatar a yi shi dalla-dalla, don nan ne ake yaudarar mutane. Gaskiya ne wani bincike da aka yi a Beijing, aka wallafa a 2024, ya bi mutum 342 tsawon shekara guda, ya ga masu taici awon jininsu na sama ya sauka da kusan maki 7, masu sassarfa da tuƙa keke kuma ƙasa da maki 5. Amma waɗannan mutane ne da jininsu ya fara ɗagawa kawai, bai kai ga cutar ba, kuma awa ɗaya suke yi sau huɗu a mako. Wanda aka auna aka ga 180, ragin maki 7 ba zai raba shi da shanyewar ɓarin jiki ba. Duk malamin waya da ya ce Hajiya ta ajiye ƙwayoyinta tunda ta fara numfashi, ko mai suga ya daina allura, to maƙiyi ne ko da murmushi yake magana. A yi motsa jikin, a ci gaba da shan magani, a riƙa zuwa awo. In jini ya sauka, likita ne zai rage maganin da hannunsa.

Mutanen Sin kansu sun sha wuyar 'yan damfarar wannan fanni kafin mu. A shekarun 1980 zazzaɓin cigong ya kama ƙasar, miliyoyin mutane suka bi malamai masu da'awar warkarwa daga nesa. Ɗaya daga cikinsu, Yan Xin, har cewa aka yi shi ya kashe gagarumar gobarar dajin arewa maso gabashin ƙasar ta 1987 da ƙarfin numfashinsa, yana zaune a wani gari daban. Wani kuma, Wang Lin, ya tara dukiya da manyan mutane yana fito da macizai daga kwanon da ba komai a ciki. An kama shi a 2015 kan zargin hannu a kisan wani almajirinsa, ya mutu a 2017 shari'a ba ta ƙare ba. Mu da muka ga yadda MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX kuma a Afrilun 2025, bai kamata a sake kama mu da salon da aka saba ba: darasin farko kyauta, na biyu sai ka biya rajista, na uku sai ka kawo mutum uku, daga nan sai sayen wani ruwa ko awarwaro mai ɗauke da ƙarfi. Ba wanda zai turo maka lafiya ta cikin waya.

Ƙaryar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta faɗa. A Afrilun 2017 a birnin Chengdu wani mai kiran kansa gwanin taici, Wei Lei, ya kara da ɗan damben zamani Xu Xiaodong, ba a cika rabin minti ba Wei Lei yana ƙasa. A Mayun 2020 wani dattijo, Ma Baoguo, wanda ya shekara yana tallan kansa a intanet, ya sha ƙasa sau uku cikin daƙiƙa 30 a hannun wani da ba ma ƙwararre ba ne. Wannan fa hannu da hannu ke nan. In aka koma baya, a 1900 dubban matasan karkara a arewacin Sin, waɗanda Turawa suka kira 'Yan Dambe, sun yarda cewa atisayensu da surkullensu zai hana harsashi huda su. Ba taici suke yi ba, amma ruɗin iri ɗaya ne, kuma bindigogin sojojin ƙasashe takwas da suka shiga Beijing a watan Agustan shekarar ba su san da wannan magana ba. A ƙasar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, ba abin mamaki ba ne yaro ya tashi da son ya iya kare kansa da gidansu. Sai dai wajibi ne a gaya masa ƙarara cewa babu numfashin da ke tare AK-47, ai mun binne isassun masu gwajin maganin bindiga.

Akwai kuma wanda zai shiga da ciwon zuciya, ba na jiki ba. Wanda ya kwana a daji a hannun 'yan bindiga, ko aka kashe nasa a gabansa, numfashi a hankali yana iya sassauta masa faɗuwar gaba, ya ɗan samu barci. Amma zaman awa da awanni ido a rufe ana jiran jin wani abu yana yawo a jiki yana iya birkita mai rauni, har likitocin ƙwaƙwalwa na Sin sun ware wa irin wannan rikicewa gurbi a littafinsu. Wanda ya fara jin muryoyi ko ya daina barci sam, a dakatar da shi a kai shi asibiti, in ta kama har na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna.

Masu tambayar matsayinsa a addini suna da hujjar tambaya, don bayanin da Sinawa ke yi masa ya cakuɗu da tsohuwar falsafarsu. Abin da binciken likitoci ya auna dai motsi ne da numfashi, ba aƙida ba. Musulmin Sin ma suna da manyan gwanaye a wasannin jiki, irin su Wang Ziping na Cangzhou, wanda ya rasu a 1973. Inda aka ce ka rusuna wa hoto, ko ka maimaita kalmomin da ba ka san ma'anarsu ba, ko ka roƙi wani ƙarfi, tashi ka bar wurin, sauran bayani kuma ka nemi malaminka.

Abin da ke sa mutum ya ɗore shi ne abokan yi. Mutum huɗu ko biyar na unguwa ɗaya, maza a zaure bayan asuba, mata a cikin gida bayan an kai yara makaranta, wanda bai fito ba a leƙa a ce, “Malam, lafiya yau ba mu gan ka ba?” Wannan ya fi taron baƙi dubu a waya amfani, ya kuma fi aminci. Kowa ya san zamanin infoma muke ciki, don haka ɗaukar bidiyon kai ana atisaye, ga ƙofar gida ga shanu ga babur a bayanka, a tura wa mutanen da ba a sani ba, ganganci ne. Lambar sirrin da ke shigowa waya da lambar BVN kuwa ba malamin motsa jikin da ke da hurumin tambayarsu. Kada a manta kuma a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba sabis. Gara a sauke bidiyo ɗaya mai kyau, wani matashi ya haddace motsin ya koya wa manya.

Minti goma ya isa a makon farko, a riƙa ƙarawa har a kai rabin awa. A bazara a yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa. Lokacin hazo mai asma ya yi a ɗaki. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi, kada kuma ya sunkuyar da kai ƙasa ya ɗago da sauri. Mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya. Wanda kuma ya ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ya zauna nan take, a nemi abin hawa a kai shi asibiti mafi kusa, kada a tsaya jiran ya wuce.