Hayar Katafila A Gella: Garmar Gaba Ce Ke Yanke Riba Ko Hasara

Ɗan kwangilar da ya sami aikin hanya ko na madatsar ruwa a yankin Gella, hedkwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, yakan yi wa mai katafila tambaya biyu ne kawai: wane girma ce, kuma nawa ne kuɗin hayarta a yini. Ba safai ake tambayar irin garmar da ke gabanta ba, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke yankar ƙasa yana ture ta, alhali kuwa ita ce ke taɓa ƙasa, sauran jikin injin ƙarfi kawai yake ba ta.

Wannan tambaya ta fi nauyi a Gella fiye da wurare da yawa saboda yanayin ƙasar. Garin yana gindin duwatsun Mandara ne, kusa da iyakar Kamaru, inda ake yin 'yar tafiya kaɗan a kan tsakuwa da burji sai a ci karo da falalen dutse, sa'an nan a gangara cikin kwari mai yashi wanda ruwan damina ke kwarara ta cikinsa zuwa kogin Yedzaram. Manyan injuna kuwa galibi daga nesa ake kawo su. Wanda ya ɗauko katafila a kan tirela daga Yola, ta Song da Gombi da Hong, tafiyar kimanin kilomita 200, in ya sauke ta ya tarar garmarta ba ta dace da aikin ba, to ya riga ya biya kuɗin dako, kuma kuɗin haya na ci gaba da hawa kansa kullum.

Miƙaƙƙiyar garma, wadda kamfanoni ke yi wa laƙabi da harafin S, gajera ce, ba ta da fikafikai a gefe. Da yake duk nauyin injin yana taruwa a kan gajeren baki, tana nutsewa cikin ƙasa mai tauri sosai, tana kuma baje wuri ya yi sumul. Aibinta shi ne ƙasa na zubewa ta gefe biyu in tafiya ta yi nisa. Kishiyarta ita ce garmar U, doguwa mai zurfin ciki da manyan fikafikai, wadda aka ƙera domin kwasar kaya mai yawa maras nauyi, kamar sakakkiyar ƙasa da aka riga aka tara. A kan katafila samfurin D8R ta kamfanin Caterpillar, garmar U na ɗaukar abin da ya kai mita 11.7 na cikin awo, yayin da matsakaiciyar, wadda ake kira SU, ke ɗaukar 8.7. Wannan bambanci ne ke ruɗin masu haya, domin a takarda babbar ta fi kama da riba. Amma a kan marmara da dutse irin na Gella, faɗinta ya zama nakasa: bakin ba ya shiga ƙasa, sarƙar injin tana ta zamewa a wuri ɗaya, man gas na ƙonewa, aiki bai ci gaba ba.

Saboda haka ga yawancin ayyukan wannan yanki, kamar haƙar tafkin shayar da dabbobi, ko share filin gini, ko tara burji, garmar SU ce ta fi dacewa. Fikafikanta gajeru ne, suna riƙe ƙasa ba tare da hana bakin nutsewa ba. Sharaɗi ɗaya shi ne ta kasance tana da hannun mai da ke karkata ta, ta yadda direba zai iya dasa kusurwa ɗaya a ƙasa ya ɓamɓaro dutse ko kututture. Haka kuma a tabbatar akwai haƙoran baya masu tsaga ƙasa. Katafilar da ba ta da su, in rani ya tsananta ƙasa ta ƙeƙashe, rabin inji ce, ko da wace garma aka ɗaura mata.

Aikin hanya a gefen tudu kuwa wani abu ne dabam. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan kan duwatsu da kasuwar Mubi, da wadda ta nufi Sahuda a bakin iyaka, da yawansu a jikin gangare suke. A nan ana bukatar garma mai juyawa, wadda ake iya karkatar da ita kamar digiri 25 zuwa dama ko hagu, domin ta riƙa yankar tudu tana watsa ƙasar gefe yayin da injin ke tafiya gaba. Ita ce kuma gwanar buɗe lambatu da cike rami bayan an binne kwalbati. Tun zamanin hukumar DFRRI, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1986 domin hanyoyin karkara, an ga yadda hanyar da aka share ba tare da magudanar ruwa ba ke komawa kwazazzabo cikin damina ɗaya ko biyu. Sai dai wannan garma ba ta ɗaukar kaya da yawa, kuma ba a yi ta domin kokawa da manyan duwatsu ba.

Abin da masu haya da yawa ba su sani ba shi ne, ba a sauya garma kamar yadda ake sauya taya. Mai juyawa tana zaune ne a kan wani firam mai siffar baka, sauran ukun kuwa a kan hannuwa biyu masu turi. Mai katafila da ya ce zai sauya bayan an isa wurin aiki, a tambaye shi ko firam ɗin na tare da shi.

Akwai kuma batun nisa. Katafila na biyan kuɗinta ne in turin bai wuce kamar mita 100 ba. In ya zarce haka, babbar garma ba za ta magance matsalar ba, sai a kawo loda da tifa.

Kafin a sa hannu a takardar haya, wajibi ne ɗan kwangila ya je da makanikensa su duba bakin garmar. Ƙarafan kaifi da na kusurwa ana ɗaure su ne da kusoshi, ana kuma iya juya na tsakiya in gefe ɗaya ya cinye. Idan aka bari suka cinye har cin ya kai jikin garmar, gyara ya tashi daga sayen kayan sauyi ya koma babban aikin walda. Ƙasa mai tsakuwa da yashi irin ta Gella tana cin ƙarfe da sauri fiye da baƙar lakar Numan da Guyuk, kuma samun kayan sauyi na ainihi, ko na Caterpillar daga dillalinsu Mantrac, ko na Komatsu da Shantui, yakan ɗauki kwanaki kafin su iso Mubi. Ya kamata takardar ta fayyace wanda zai biya kuɗin waɗannan ƙarafa, da kuma ko za a lissafa kwanakin jira cikin haya, musamman ga aikin da ake so a kammala kafin ruwa ya sauka a watan Mayu.